Fitila a Mahaifar Balkisa

"Hajiya ta ce sai ta gani da idonta."

Issoufou ya faɗi maganar yana kallon ƙasa, tsaye a bakin rumfar ɗinkin Balkisa cikin kasuwar Wadata. Allin aji bai ma gama fita daga yatsunsa ba. Malamin makaranta ne mai baki, da tsawa ɗaya yake zaunar da aji guda, amma da zarar zancen uwarsa ya taso sai ka ga namiji ya yi laushi kamar tsumma a ruwa.

Balkisa ta ɗauke ƙafarta daga keken ɗinki.

"Ta ga mi da idonta?"

"Abin da lokotoro, likitar nan, za ta duba gobe. Ni ne da suɓutar baki, na ce mata a tele ake ganin komi. Sai ta ce to madalla, tunda a tele ne ita ma Allah ya ba ta idanu. Ba ta yarda da 'an ce' ba. Ɗakin za ta shiga."

Balkisa ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Issoufou, jikina ne hwa. Uwar da ta haihe ni ba ta taɓa ganin abin da Hajiyarka ke son gani ba."

"Na sani, wallahi na sani."

"Ka sani, amma ka ɗauko saƙon ka kawo mini har kassuwa."

Ya shiga kankare allin da ke yatsunsa.

Shekara biyu ke nan ana wannan ja-in-ja. Balkisa bazawara ce. Ta yi auren fari a garinsu can wajen Dakoro da Alhaji Bawa, ɗan kasuwar hatsi. Ta samu ciki sau ɗaya a waccan shekarar yunwa da ta wuce, cikin ya zube, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Tun daga nan ko ɓatan wata ba ta sake yi ba. Bawa ya ɗan haƙura, danginsa ba su haƙura ba, ƙarshe aka ba ta saki ɗaya aka liƙa mata suna juya. Sunan ya riga ta isowa Yamai.

Shi kuwa Issoufou shi kaɗai Hajiya Kadi ta haifa. Takanas ta taso daga Damagaram ta tare a gidansa don ta kashe maganar. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, ko sunan ɗan nata ba ta kamawa, Mushe take ce masa, wato malam da Faransanci, kamar 'yan ajinsa. Abu ɗaya take maimaitawa: ba ta raini ɗa tilo don zuriyar mijinta ta ƙare a kansa ba.

Don a kawo ƙarshen zancen ne Balkisa ta kai kanta wurin Lokotoro Zeinabou, likitar mata. Aka yi mata hoton ciki, irin wanda ake goga na'ura a mara. Hoton ya nuna wani ɗan farin abu kwance cikin mahaifa. Lokotoro ta tambaye ta a keɓe ko an taɓa sa mata abin tsarin iyali, Balkisa ta rantse ba a taɓa ba. Sai ta ce mata, to ko guntun ƙashi ne da ya rage tun ɓarin nan, ko wani abu dabam, hoto ba ya faɗin gaskiya duka. Sai an shiga da fitila an gani.

Wannan farin abin shi ya raba Balkisa da sukuni.

"In aka duba aka ce ba ni haihuwa fa?" ta tambaye shi.

"Zan aure ki a haka."

"Dube ni ka hwaɗi."

Ya ɗago kai. Daidai lokacin motar sojoji ta ratso bakin kasuwa a hankali, bindigogi a cinya, 'yan dako da masu kura suka dare suna ba ta hanya. Issoufou ya bi motar da ido har ta ɓace, kamar amsar tana bayanta.

Hawaye suka zubo wa Balkisa, ba ta share ba.

"Ka gani ko? Kana sona, ban musa ba. Amma kana tsoron Hajiya fiye da yadda kake sona. Ni kuma na gaji, Issoufou. Na gaji da a riƙa nuna ni da baki a gidan suna, a ɗauke jariri daga hannuna kamar zan shafa mishi wani abu."

"Balkisa, don Allah ki daina kuka, mutane na kallo."

"Su kalla! Gobe ma ai kallona za a yi." Ta ja numfashi, ta goge fuska da ƙyallen da take ɗinki. "Ka ce mata ta zo. Ta zo ta zamna gaban telen, ta buɗe ido da kyau. Ban da abin ɓoyo."

Da akwai mai hangen gobe a kusa, da ya toshe mata baki kafin ta ƙarasa.

* * *

Shekarar ta zo da wuya. Damina ta yanke tun gero bai yi ido ba, sannan sojoji suka karɓi mulki, rediyo ya koma kiɗan badujala da sanarwa. Kogi ya janye ya bar yashi. Matan ƙauye sun cika bakin kasuwar Katako da 'ya'ya a goye, suna tsintar ƙwayar da ta zube daga buhunan da ake saukewa. Duk wanda ya shiga taksi magana yake a hankali, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba.

A unguwar Banifandou Balkisa take zaune, gidan Baba Abdou, ƙanin mahaifinta marigayi, wanda aurenta ke hannunsa. Ta same shi a ƙofar gida ya kara rediyo a kunne.

"Kin dawo? Bawa ya aiko a gaishe ki."

"Wane Bawa?"

"Bawa nawa kinka sani? Ai yanzu shina nan Katako. Duk layin hatsi shagonshi kaɗai ne cike har rufi." Ya rage muryar rediyon. "Ya ji za a duba ki. Ya ce shi dama bai sake ki don ƙiyayya ba, in lokotoro ta ce lahiyarki lau, to ke matatai ce, saki guda ne."

"Baba, iddata ta ƙare tun yaushe! Kuma ka san da maganar Issoufou."

"Ni ban ce komi ba. Maganar malaminki shekara biyu ina jin ta, ban ga goro ba. Amma ki sani ƙannenki can gida anza suke ci."

Anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Balkisa ta san ɗacinta, ta ci ta a waccan yunwar. Ta shige gida.

Inna, mahaifiyarta, tana tsakar gida tana tankaɗen ɗan garin masara. Ta zo daga ƙauye ne neman abin da za ta koma wa yara da shi, har yau ba ta samu na kirki ba. Balkisa ce 'yarta ta fari, saboda haka tsakaninsu kunya ce tun haihuwa. Gwaggo Halima, yayar uban, ita ta ɗauke ta tun yaye ta raine ta. Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. "Ke" take ce mata, in ana zancenta ta ce "yarinyar nan".

Balkisa ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, gobe za a duba ni. Ina so ki shiga da ni."

"Ni? In shiga in ga mi? Ke, rufa mini asiri. In dai rakiya ce na raka ki, in zamna waje."

"Hajiyar Issoufou ta ce ita za ta shiga. Ni kaɗai ke nan da ita."

"To ai babba ce."

"Inna, tsoro nike ji. Hoto ya nuna wani abu fari cikin mahaihwata. Har lokotoro ta tambaye ni wai ko an taɓa sa mini abin hana ciki. Ni da nike neman haihuwa ido rufe!"

Rariyar ta tsaya cak a hannun Inna. Garin da ke ciki ya daina zuba. Ta kafa wa tasa ido.

"Gwaggonki," ta ce a hankali, "ba ta hwaɗa miki komi ba kahin ta rasu?"

"Kamar mi?"

"Ba komi."

Ta ci gaba da tankaɗe, amma rabin garin a ƙasa yake zuba, a shekarar da ba a zubar da ko ƙwaya.

* * *

Asibitin ƙarami ne, na kuɗi, a wani lungu mai shiru. Issoufou ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a tsakar filin, Inna ta shimfiɗa gefen zanenta a gindin katanga ta zauna. Hajiya Kadi ta iso da babban mayafi da carbi da salula a hannu, ta amsa gaisuwar Balkisa da kai.

Lokotoro Zeinabou ta fara jan Balkisa gefe.

"Ƙanwata, wannan ɗakin naki ne. Ba wanda zai shiga sai da yardarki. Kin tabbata kina son matar nan ta zauna?"

"Na tabbata."

"Abin da ido ya gani ba ya komawa fa."

"Ta shigo, Lokotoro."

Hajiya ta shigo ta zauna a kujerar da ke wajen kan gado, inda za ta ga telen ba tare da ta ga tsiraicin kowa ba. Lokotoro ta ɗago wani siririn ƙarfe dogo, bai kai kaurin alƙalami ba.

"Aikin nan sunansa istereskopi. Kun ga bakin nan? Akwai fitila da ɗan ido a jiki. Ba yanka, ba ɗinki. Ta hanyar da ɗa ke fitowa za mu bi, mu wuce bakin mahaifa a hankali. Mahaifa in ba ciki a manne take kamar jakar da ba komi, saboda haka za mu tura ruwa mai tsabta ya buɗe ta, sai abin da ke ciki ya fito a tele. Shi ya sa na ce ki zo bayan kin yi wankan al'ada, lokacin cikin ya fi fitowa fes, kuma mun tabbata ba ciki."

"Da zahi?" Balkisa ta tambaya.

"Kamar ciwon mara na wata. Maganin da kika sha zai rage shi. In ya yi yawa ki ce in tsaya, zan tsaya. Yau za ki koma gida da ƙafarki. Za ki ɗan ga jini kwana biyu, ba komi ba ne, amma in zazzaɓi ya zo ko ciwo ya tsananta ki dawo maza."

Hajiya ta gyara zama.

"Wutar nan ba ta ƙona cikin mutum?"

"Haske ne mai sanyi, Hajiya."

"To za ta nuna mana ko mace na haihuwa ko ba ta yi?"

"Za ta nuna ɗakin da ɗa ke kwana, ko lafiya yake ko akwai abin da ya tare shi. Haihuwa kuma ba ta mace kaɗai ba ce. Ɗanki ma akwai nasa awon in an tashi."

Hajiya ta ɗaure fuska tamau, carbi ya ƙara gudu.

Balkisa ta hau gado, aka lulluɓe ta. Lokotoro ta sa safar hannu ke nan sai ƙif, wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, telen ta yi baƙi, zafin Yamai ya danno ɗakin.

"Wutar kuran ɗin nan kullum haka," in ji lokotoro. "Yanzu za a tada gurup, injin wuta."

"Hmm," Hajiya ta ce cikin duhu-duhun. "Tun ba a je ko'ina ba."

Balkisa ta rufe ido. Kwance take tana tuna hannun Inna da rariya. Can injin ya yi tari a bayan gida ya kama, haske ya dawo.

Ta ji sanyin ruwa, sannan mara ta murɗa. Ta damƙe gefen gado tana salati.

"Saki jikinki, ja numfashi. Yauwa. Mun wuce ƙofa. Duba tele."

Balkisa ta juya kai. Wani ɗan ɗaki ne ja-ja mai sheƙi, kamar cikin kumatu. Shekara biyar ana zagin wurin nan, ana yi masa rubutu da jiƙe-jiƙe, yau ga shi tana kallonsa da idonta. Sai ta ji tausayinsa ya kama ta.

"Bangon lafiya lau," lokotoro ta ce. "Ba ƙari, ba tabo. Bari mu ƙara gaba."

Hoton ya matsa. Sai ga shi.

Fari ne, tsaye a tsakiyar ɗakin da hannu biyu a buɗe, kamar makiyayi ya gicciya sanda a kafaɗa. Wata siririyar waya ta naɗe jikinsa ta yi baƙi-baƙi, ga wani zare ya ƙudundune a gefensa.

Hajiya ta miƙe tsaye.

"Innalillahi! Sammu! Jifa aka yi mata!"

Lokotoro ta tsayar da ƙarfen. Ta dubi Balkisa.

"Na san ko mene ne. In faɗa a gabanta, ko ta ba mu wuri?"

"Hwaɗi, Lokotoro. Mi ne?"

"Ba sammu ba ne. Siterile ne, robar hana ɗaukar ciki. Ma'aikatan asibiti ke sa shi. Yana da zare da ake barinsa a bakin mahaifa don a ja a cire, naki ya naɗe ya shige ciki, shi ya sa duk masu duba ki ba su gan shi ba. Ya daɗe a nan."

"Wallahi ban sa ba! Wallahi tallahi ban san shi ba!"

"Kar ki motsa. Bari in fitar da shi."

Ta zura wani ɗan mitsitsin hantsaki ta jikin ƙarfen. A tele suka ga bakinsa ya kama zaren. Mara ta sake murɗawa sau ɗaya, sai ga abin a cikin tasa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Lokotoro ta sake leƙawa, ta nuna mata ƙananan ƙofofi biyu a kusurwoyin sama inda ƙwan haihuwa ke gangarowa.

"Ban ce gobe za ki yi ciki ba, wannan na Allah ne. Amma ni dai ban ga abin da ya tare ki ba sai wannan. Kuma ko wa ya sa shi, bai kamata a sa wa mace abu a jikinta ba a gaya mata da bakinta ba."

Hajiya ta yafa mayafinta. Muryarta a sanyaye ta fito, kuma sanyin ya fi tsawa ciwo.

"Ashe ba juya ba ce. Ai gara juya, ita Allah ne ya yi ta haka. Kina gidan miji, kina cin tuwonsa, kin toshe mahaifarki kina kallonsa yana yawon malamai. Shi ne za ki shigo gidan ɗana?"

"Hajiya, ki tsaya ki ji!"

Ta fice. Daga kan gadon Balkisa tana jiyo ta a baranda, ta kira ƙaninta mai sayar da katako a Katako, tana zazzage masa labari tun daga fitila har tasa.

* * *

Da aka bar ta ta huta, Balkisa ta fito tana takawa a hankali, riƙe da 'yar kwalbar da aka sa mata abin a ciki. Rana ta take. Hajiya na tsaye kusa da ɗanta, ta riga ta gama yi masa bayani.

Issoufou ya tako ya tare ta. Ya dubi kwalbar, ya dube ta.

"Balkisa. Kin san da shi?"

Duk abin da aka yi mata a ɗakin can bai yi mata zafin wannan tambayar ba.

"Kai ma?" ta ce. "Kai ma, Issoufou?"

"Tambaya kawai na yi. Abu ne a jikinki, ta yaya..."

"Ta yaya? Ni ma shi nike tambaya! Da na san da shi zan ce Hajiyarka ta shiga? Da na sani zan sha ɗacin sassaƙen da na sha, in bari a kore ni gidan miji da rana tsaka? Na kwana ina roƙon Allah ko ɓari ne shi ba ni, don dai a san ni ma mace ce!" Kuka ya ci ƙarfinta. "Jiya na ce ka dube ni ka kasa. Yau ka dube ni, ga abin da ka hwaɗi."

"Mushe, wuce mu tafi," in ji Hajiya.

Ya tsaya tsakaninsu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Sannan, Allah ya sani, ya juya wajen uwarsa.

"Balkisa ba ta sani ba."

Muryar daga gindin katanga ta fito. Balkisa ta waiwaya a firgice, ba don maganar ba, don sunan. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sa daga wannan bakin ba.

Inna ta taso, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa a gaban Hajiya Kadi a kan yashi mai zafi.

"Ni ce. Ranar da cikinta ya zube jini ya kusa ƙare mata. Mijinta shina Najeriya sayen hatsi. Ungozomar gidan likita ta ce in ta sake ɗaukar ciki cikin yunwar nan, gawa za mu ɗauka. Ta ce in yarda a sa mata abin hutu tun tana kwance, in ta farka in hwaɗa mata, bayan shekara biyu ta koma a cire. Na ce to. Da ta farka na zo bakin gadon na buɗe baki." Ta sunkuyar da kai. "Ɗiyar fari ce, Hajiya. Ta ina zan soma zancen shimfiɗar mijinta da ita? Sai na hwaɗa ma Gwaggonta Halima da ta riƙe ta. Ta ce a bari yarinya ta warware tukuna. Kahin ta warware, Halima ta kwanta, ba ta tashi ba. Ni ina zaton ta isar."

"Da anka sake ni fa, Inna?" Balkisa ta tambaya, muryarta kamar ba tata ba. "Da anka ce mini juya a gabanki?"

"Na ce ma raina ai ya narke tuni, kamar allura ce da ke ƙarewa. Wata rana in ce gobe zan tambaye ki. Goben ta yi, in ga idonki, bakina shi mutu."

"Shekara biyar, Inna."

"Na sani, Balkisa."

Injin wuta na ta ruri a bayan gida.

Hajiya Kadi ta daɗe tana kallon matar da ke durƙushe. Sannan ta dubi ɗanta, wanda ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta san wannan kunyar ciki da waje, da ita aka raine ta. Ta sunkuya ta kama hannun Inna.

"Tashi, 'yar'uwa. Da ni ce, ban san ko bakina zai buɗu ba." Ta juya. "Mushe, ka gaya wa baffanninka su shirya goro. Juma'a su je Banifandou."

Issoufou ya matso, idonsa ya kaɗa.

"Balkisa, ki yafe mini."

"Ka dai tambaya," ta ce. Amma da ya miƙa hannu ya karɓi ledar magungunanta, ba ta hana shi ba.

Hajiya ce kaɗai ta dubi salular da ke hannunta, ta tuna kiran da ta yi Katako, fuskarta ta canza, ta tura ta cikin jaka.

* * *

Sojoji sun tare hanya a babban shataletale, wani ayarin manya zai wuce. Taksinsu ya daɗe a rana, Issoufou na gefe a kan babur yana leƙo ta ta taga. Sai bayan la'asar suka shiga Banifandou.

Tun daga kan kwana suka hango taro. Kura biyu a ƙofar gidan Baba Abdou, 'yan dako na sauke buhuna suna jerawa a zaure. Matan maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko, ido kawai. A wannan shekarar buhun gero a ƙofar gida ya fi motar amarya tara mutane.

Baba Abdou na tsaye da wankakkiyar riga, bakinsa har kunne.

"Barka, ɗiyata, barka da lahiya! Labari ya iske Alhaji Bawa har shago, Katako duk ta ɗauka. Ya ce shi bai riƙe komi ba, ko wa ya sa abin ya yahe. Wanga gero na yara ne, gobe motarshi za ta kai shi har ƙauye." Sai a lokacin ya ga Issoufou tsaye da 'yar ledar magani a hannu. Ya kau da kai. "Alhaji Bawa ma shina tahe bayan magariba."

"Baba, Juma'a za a kawo goron Issoufou. Hajiya ta yarda."

"Juma'a," in ji Baba Abdou. "To. Yaran can su jira Juma'a, ko?"

Balkisa ta dubi buhunan. Ta juya neman mutum ɗaya, wadda ɗazu ta tsaya mata a gaban duniya ta kama sunanta.

"Inna?"

Inna ba ta ji ba. Ɗaya daga buhunan ya huje a gindi, gero na tsiyaya a ƙasa. Ta durƙusa a gabansa ta tara gefen zanenta, tana tsince ƙwayoyin da suka faɗa cikin yashi ɗaya bayan ɗaya.

"Inna," Balkisa ta sake kira.

Ba ta ɗago ba.

"Ke," ta ce, "shiga ciki ki kwanta. Baƙo na zuwa."